Dokin wane ne? Sojojin dawaki 'yan sa-kai a yaƙin basasar Amurka da rayuwarsu bayan sallama

Lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke a Amurka a watan Afrilun 1861, rundunonin dawaki biyar kacal gwamnatin tarayya take da su, su ma a warwatse a sansanonin yammacin ƙasar, kuma da dama daga manyan hafsoshinsu 'yan Kudu ne, suka ajiye aiki suka bi 'yan aware. Kafin ƙura ta lafa a 1865, ɓangaren Arewa shi kaɗai ya kafa rundunonin mahaya fiye da 250, kusan dukkansu na 'yan sa-kai: manoma, masu shaguna, malaman makaranta, leburorin masana'antu, yawancinsu sun sa hannu a kan shekara uku. Jiha ce ke tara su, gwamna ya naɗa hafsoshi, sannan a miƙa su ga tarayya. Shi ya sa kowace runduna take ɗauke da lamba da sunan jiha, kamar ta 1 ta Maine ko ta 5 ta Michigan.

Masu ba da labarin yaƙin sun fi son sukuwa da walƙiyar takubba. Mai son gane abin da ya sami waɗannan mutane, a fagen daga da kuma bayan an sallame su, gara ya fara da tambayar da ba ta da armashi: dokin da sojan yake kai, mallakar wane ne? Arewa da Kudu amsarsu ta sha bamban, kuma abubuwa da yawa daga nan suka samo asali.

A Kudu doka ta ce kowane mahayi ya zo da dokinsa. Ranar da aka rubuta shi soja, sai a yi wa dokin kuɗi a rubuta a littafi, gwamnati ta riƙa biyan santi 40 a rana na hayar dabbar. In an kashe dokin a fagen fama, a biya mai shi wancan kuɗin da aka rubuta. In kuwa yunwa ce ta kashe shi, ko cuta, ko ya gurgunce a hanya, to asara ta hau kan mai shi. Sai a ba shi hutu ya tafi gida neman wani, in ya rasa a mayar da shi sojan ƙasa mai tafiya a ƙafa.

A shekara biyun farko tsarin ya yi wa Kudu rana. Samarin karkara da suka tashi a kan sirdi sun zo da dawakin da suka sani, suka san halinsu. A watan Yunin 1862 Janar J.E.B. Stuart ya ɗebi mahaya kimanin 1,200 ya zagaye rundunar Janar McClellan na Arewa kaf ya dawo, mutum ɗaya kawai aka kashe masa. Sai dai tsari ne mai cin kansa. Kuɗin Kudu ya yi ta karyewa har doki ɗaya ya kai dubban daloli, alhali kuɗin da aka rubuta wa soja yana nan yadda yake tun ranar shiga. Yankunan kiwon dawaki kamar Kentucky da Tennessee suka faɗa hannun Arewa, faɗuwar garin Vicksburg da ke bakin kogin Mississippi a Yulin 1863 kuma ta toshe hanyar Texas. Mutumin da ya san in dokinsa ya faɗi ba shi da na sayen wani, dole ya riƙa lissafi kafin ya sa ƙaimi. A kowane lokaci kuma akwai ɗimbin mahaya da ba sa bakin aiki, suna can ƙauyukansu suna cigiyar doki.

A Arewa ma dokar Yulin 1861 ta yarda a biya santi 40 ga wanda ya kawo nasa, wasu rundunoni kuwa sun yi hakan, amma mafi yawa dokin gwamnati suka hau, mai tambarin U.S. a kafaɗa. Tun farko babban hafsan sojan ƙasar, Janar Winfield Scott, bai so a karɓi mahaya 'yan sa-kai ba. Hujjarsa tsada da lokaci: yana ganin kafin a horar da su yaƙin ya ƙare. Kashin da Arewa ta sha a Bull Run a Yulin 1861 ne ya sa aka buɗe ƙofa, aka kuma buɗe ta da gaggawar da ta yi wa 'yan kwangila daɗi. Suka yi ta sayar wa gwamnati tsofaffin dawaki, da makafi, da dukushin da bai isa hawa ba. Irin wannan almundahana tana cikin abin da ya sa majalisa ta kafa dokar hukunta masu damfarar gwamnati a Maris na 1863. Janar Halleck, babban kwamandan sojojin Arewa, ya lissafa cewa a shekara biyun farko an ba sojojin dawaki dawaki 284,000, alhali mahayan da ke fage ba su taɓa wuce 60,000 a lokaci guda ba. Wato kowane sirdi ya cinye doki huɗu zuwa biyar.

Yadda doki ke lalacewa

Cikakkiyar runduna kamfani 12 ce, kowane kamfani mutum kusan 100, a cikinsu akwai maƙera masu sa wa dawaki takalmi da baduku mai gyaran sirdi da linzami. Ƙa'idar soja ta ba kowane doki laba 14 na busasshiyar ciyawa da laba 12 na hatsi a rana, wato kusan kilo shida da rabi na ciyawa da kilo biyar da rabi na hatsi. Dawaki 1,200 ke nan suna bukatar abin da ya kai tan 14 kullum, ban da ruwa, wanda doki mai aiki kan sha kusan lita 40. Keken kaya da alfadarai shida ke ja, a hanya mai laka, da kyar yake wuce tan ɗaya, kuma alfadaran su ma daga cikin kayan suke ci. Duk wanda ya taɓa ajiye doki don hawan salla ya san ba ruwan cikinsa da ko an hau shi ko ba a hau ba. A nan kuwa ga hawa kullum, ga abincin ba ya isowa.

Ciyawar ce ta fara yankewa, domin ta fi hatsi cin wuri. Charles Francis Adams ƙarami, wanda a lokacin kyaftin ne a Runduna ta 1 ta Massachusetts, ya rubuta wa gida a watan Mayun 1863 cewa doki yakan yini da sirdi a bayansa kimanin awa 15, yana ɗauke da nauyin da ya kai laba 225, hatsinsa a takarda laba goma ne amma da kyar yake samun takwas, ciyawa kuwa babu. Daga nan matsala take bin matsala. Sirdin McClellan, wanda soja ta ɗauka a 1859, itace ne da aka rufe da ɗanyar fata, an bar tsaga a tsakiya don kada ya danne ƙashin baya. Yana zama daram a kan doki mai ƙiba. Da zarar doki ya rame, sai sirdin ya sauka ya zauna a tudun kafaɗa, inda wuya ya haɗu da baya. Wurin ya kumbura, ya fashe, ya zama gyambo mai ruwa. Bargon da ake shimfiɗawa a ƙarƙashi, in an naɗe shi da tattara ko gumi da yashi sun bushe a jikinsa, shi kaɗai ya isa ya kawo miki cikin tafiyar yini ɗaya. Sabon kurtu kuma yakan ƙara wa Borno dawaki: ya ɗaura kwanon suya da ƙarin barguna da tarkacen gida a sirdi, ya yi ta sukuwa ba dalili, ya shayar da doki yana cikin zufa, ya cika masa ɗanyar masara har ciki ya ɗaure.

Ƙafa ma haka. Takalmin ƙarfe yana son canji bayan mako huɗu zuwa shida; in ya fita a hanya mai duwatsu, kofato ya farfashe, doki ya fara ɗingishi. Shi ya sa gogaggen mahayi ba ya rabuwa da takalmi na ajiya da ƙusoshi a jakar sirdi. A nan Arewa ta yi sa'a da injin Henry Burden na garin Troy, mai fitar da takalmin doki ɗaya a kowace daƙiƙa. Tsayuwa a cikin laka kuma tana sa fatar bayan kofato ta tsattsage tana ruwa. Wannan ciwo da na harshe sun kwantar da dawakin McClellan bayan yaƙin Antietam, har Shugaba Lincoln ya aika masa saƙo a Oktoban 1862 yana tambaya, cikin gatse, wane aiki dawakin suka yi tun bayan Antietam da zai gajiyar da su. A wannan karon dai McClellan yana da 'yar gaskiya. Mafi muni ita ce cutar da Turawa ke kira glanders, mai kawo majina da gyambo a hanci. Tana yaɗuwa ta wurin shan ruwa da cin abinci tare, tana iya kama mutum, kuma a wancan zamani maganinta harsashi ne. Sai a 1863 aka ware wa kowace runduna likitan dabbobi da albashin dala 75 a wata, su ma ƙwararrun 'yan ƙalilan ne a ƙasar. An ƙiyasta dawaki da alfadarai fiye da miliyan ɗaya ne suka mutu a yaƙin, kuma wahala da cuta sun fi harsashi ɓarna nesa ba kusa ba.

Abin da ya ceci Arewa shi ne, tunda dokin nata ne, tana iya gina tsarin canza shi. A Yulin 1863 aka kafa ofishin kula da sojojin dawaki, aka gina babbar barga a Giesboro kusa da Washinton, wadda aka tsara ta ɗauki dawaki 30,000, da wasu a St. Louis da Nashville da sauran wurare. Sojan da dokinsa ya gaza sai ya kai shi can, a ba shi wani, a yi jinyar wancan ko a yi gwanjonsa. Da James H. Wilson ya karɓi ofishin a farkon 1864, ya tsananta bincike kafin saye: a duba haƙora don sanin shekaru, a duba ido da numfashi da ƙafa, a buga wa wanda aka ƙi alama don kada a sake shigo da shi ta bayan gida. Tun Fabrairun 1863 kuma Janar Hooker ya tattara mahayan da aka rarraba suna gadin hafsoshi da kai saƙo, ya mai da su babbar runduna guda. Ranar 9 ga Yunin shekarar, a Brandy Station, suka kwashe yini suna gwabzawa da mutanen Stuart ba su watse ba, karo mafi girma na mahaya da aka taɓa yi a nahiyar.

Aikin da suke yi na yau da kullum leƙen asiri ne, da gadin gaba cikin dare, da rakiyar kekunan kaya, da kai farmaki bayan abokan gaba don karya gadoji da tuge layin dogo. In faɗa ya yi tsanani, sau da yawa a ƙasa suke yi. Ana ƙirga mutane huɗu-huɗu, uku su sauka su miƙa wa na huɗu dawakinsu a haɗe da igiyar ragama, ya ja su baya inda harsashi ba ya kaiwa. Ke nan mutum dubu bindiga 750 suke sawa a layi. Haka mahayan John Buford suka yi a safiyar 1 ga Yulin 1863 a Gettysburg, suka riƙe dakarun ƙasa na Kudu har taimako ya iso. Gajerun bindigoginsu irin su Sharps ta baya ake ɗura su, mutum zai iya ɗurawa yana kwance. Daga baya Spencer ta yawaita, mai cin harsashi bakwai a bututun da ke cikin gindinta, harsashin kuma na tagulla ne, ruwa ba ya ɓata shi. Ko 'yan Kudu sun ƙwace ta, da harsashin ya ƙare ta zama sanda, domin ba su iya ƙera irinsa. Takobi yana nan, libarba ma haka, amma bindigar ce ta sauya lissafi.

Farmakin da ya fi burge masana shi ne na Kanar Benjamin Grierson, malamin kiɗa ne kafin yaƙi, wanda doki ya taɓa harbi a fuska yana yaro har ya tashi ba ya ƙaunar dawaki. Ya bar La Grange a Tennessee ranar 17 ga Afrilun 1863 da mutum kimanin 1,700, ya ratsa jihar Mississippi, ya isa Baton Rouge ranar 2 ga Mayu bayan tafiyar mil 600, ya ɗauke hankalin Kudu daga shirin Janar Grant a kan Vicksburg. Irin wannan tafiya sai da ƙwace: dokin da ya gaza a bar shi, a kama na gonar da aka tarar. A Maris na 1865 Wilson ya shiga Alabama da mahaya sama da 13,000, yawancinsu da Spencer, suka ci Selma ranar 2 ga Afrilu. Mutanen Runduna ta 4 ta Michigan daga cikinsu ne suka kama shugaban 'yan aware Jefferson Davis ranar 10 ga Mayu a Georgia.

Sojan ƙasa sukan yi musu ba'a, wai wa ya taɓa ganin gawar sojan doki. Alƙaluma sun ɗan goyi bayan ba'ar. Rundunar dokin Arewa da ta fi asarar rai a fagen fama ita ce ta 1 ta Maine, mutum 174, alhali rundunar ƙasa ta 5 ta New Hampshire ta rasa 295. Amma ita wannan ta Maine ɗin ta rasa wasu 344 ta hanyar cuta da zaman kurkukun yaƙi da makamantansu. Mahayi ya fi yawan shiga ƙananan artabu da ba su da suna, kuma tunda yakan yi nisa da uwar runduna, kama shi ya fi sauƙi.

Ba duk tarihin ne abin alfahari ba. Ranar 29 ga Nuwamban 1864, Runduna ta 3 ta Colorado, 'yan sa-kai na kwana ɗari, tare da wani ɓangare na ta 1, a ƙarƙashin Kanar John Chivington, suka afka wa zangon ƙabilun Cheyenne da Arapaho a Sand Creek, suka kashe fiye da mutum 150, galibi mata da yara da tsofaffi. Kyaftin Silas Soule ya hana mutanensa harbi, ya kuma ba da shaida. A Afrilun 1865 aka bindige shi a titin Denver. Chivington ya riga ya bar soja, ba a taɓa hukunta shi ba. Baƙaƙen fata kuma sun hau doki a wannan yaƙi, kamar Runduna ta 5 ta Massachusetts da ke cikin waɗanda suka fara shiga Richmond, babban birnin 'yan aware, ranar 3 ga Afrilun 1865. A Saltville, a Oktoban 1864, 'yan Kudu sun bi raunanan baƙaƙen mahaya sun kashe bayan an gama faɗa.

Komawa gida

A Appomattox, ranar 9 ga Afrilun 1865 da ya miƙa wuya, Janar Lee na Kudu ya tuna wa Grant cewa a rundunarsa mahaya su ke da dawakinsu. Grant ya yarda duk wanda ya ce doki ko alfadari nasa ne ya tafi da shi don noman bana. Ɗan Kudu ya koma gida da ramammen doki, babu albashi, kuɗin aljihunsa ya zama takarda. Ɗan Arewa ya miƙa dokin gwamnati aka yi gwanjonsa, gwanjon da ya taimaka wajen baza glanders a gonaki. An ba shi damar sayen makaminsa: Spencer dala 10, sauran gajerun bindigogi da libarba dala 8, takobi dala 3. Albashinsa dala 13 ne a wata, ya koma 16 a 1864, waɗanda suka sake sa hannu a tsakiyar yaƙi kuma an yi musu alkawarin dala 402 da hutun kwana 30. Abu mafi daraja da ya riƙe shi ne takardar sallama, ko da yake kaɗan ne suka san haka a lokacin.

Mahaya ne kuma aka fi jinkirta wa sallama, saboda gwamnati tana bukatar masu doki a yamma da Texas. Bayan babban faretin Washinton na 23 da 24 ga Mayu, rundunonin Michigan da suka yi suna a ƙarƙashin Janar George Custer, maimakon gida, sai aka tura su sansanin Fort Leavenworth a Kansas, daga can zuwa yaƙi da ƙabilun filayen yamma. Wasu sai a Maris na 1866 aka sallame su. Mutanen suna ganin don yaƙin aware suka sa hannu, kuma ya ƙare. Wasu suka yi bore, da yawa suka sulale gida. Magatakarda ya rubuta "ya gudu" a gaban sunansu, wannan rubutu kuwa ya hana su fansho shekara da shekaru, sai a shekarun 1880 majalisa ta yi dokokin goge shi ga waɗanda suka yi aiki da gaskiya har zuwa Mayun 1865.

Sunayen da ake yawan ambata na hafsoshi ne, kuma kada su ruɗi mai karatu. Russell Alger na ta 5 ta Michigan ya yi arziki da katako, ya zama gwamnan jiharsa, ya zama sakataren yaƙi a 1897. Adams ya shugabanci kamfanin jirgin ƙasa na Union Pacific. Grierson ya zauna a soja, ya jagoranci Runduna ta 10 ta baƙaƙen mahaya daga 1866. Eli Lilly na ta 9 ta Indiana, wanda aka kama a Alabama a 1864, ya gwada noman auduga a Mississippi ya karye, matarsa ta rasu a can, sai a 1876 ya buɗe ɗan kamfanin magani a Indianapolis da har yau yake ɗauke da sunansa. William Jackson Palmer na ta 15 ta Pennsylvania ya gina layin dogo a Colorado ya kafa garin Colorado Springs a 1871. A 1906 ya faɗo daga kan doki ya shanye, shekarar da ta biyo ya biya wa tsofaffin sojojinsa fiye da 200 kuɗin jirgi suka zo taron shekara a gidansa tunda shi ba ya iya zuwa.

Talakan farabiti, wato ƙaramin soja marar muƙami, gona ya koma, ko ya yi yamma. Dokar 1862 tana ba mutum eka 160, kusan hekta 65, in ya zauna a kai shekara biyar. A 1872 aka yarda tsohon sojan tarayya ya cire shekarun aikinsa daga biyar ɗin, muddin ya zauna aƙalla shekara ɗaya. Kansas da Nebraska suka cika da su. Ba kowa ne ya zauna lafiya ba. Boston Corbett, sajan na ta 16 ta New York da ya harbe John Wilkes Booth, makashin Lincoln, ya taɓa zaman kurkukun Andersonville, inda Kudu ta tsare fursunonin yaƙi. Ya kama fili kusa da Concordia a Kansas yana kwana a ramin da ya haƙa, a 1887 ya zare libarba a majalisar jihar inda yake aikin tsaron ƙofa, aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Topeka, a 1888 ya hau wani doki ya tsere, ba a sake samun tabbacin inda ya ƙare ba. Ga waɗanda suka rasa mai riƙe su, gwamnati ta buɗe gidajen nakasassun 'yan sa-kai, na farko a Togus ta jihar Maine a 1866, sai Milwaukee da Dayton.

Fansho da wahalar hujja

Dokar 14 ga Yulin 1862 ta ba farabitin da ya nakasa gaba ɗaya dala 8 a wata, laftanar-kanar zuwa sama dala 30, da sharaɗin a bakin aiki ya sami ciwon. Mai nema zai yi rantsuwa a gaban jami'in kotu ya faɗi runduna da kamfani da ranar da abin ya faru. Ofishin fansho ya nemi fayil ɗinsa da rajistar asibiti daga ma'aikatar yaƙi. In babu rubutu, sai ya kawo shaidar hafsansa ko ta abokan aiki biyu da suka gani, da shaidar cewa lafiya lau yake kafin ya shiga, da ta maƙwabta ko likita cewa ciwon bai rabu da shi ba tun dawowarsa. Sannan likitocin da ofishin ya naɗa su duba shi su yanka masa kaso: wani dala 2, wani 4, wani cikakkiyar 8.

A nan sojan doki ya fi shan wuya. Wanda aka yanke wa ƙafa ba ya bukatar dogon bayani. Cututtukan mahayi kuwa ƙaba ne da gwaiwa daga bugun goshin sirdi, da basur, da ciwon baya da ƙugu bayan doki ya faɗo masa, da sanyin ƙashi, da zawon da ba ya jin magani. Yawancinsu a hanya suka same shi, inda babu asibiti balle magatakarda, ya ɗaure ya ci gaba don kada a bar shi a ƙasar abokan gaba. Bayan shekara 15 hafsan ya mutu, abokan sun watse daga Maine zuwa Oregon, wanda aka samu kuma ya ce ya tuna faɗuwar amma ba ya tuna watan. Taron shekara-shekara na rundunoni da jerin adireshin da suke bugawa, ban da zumunci, wurin neman shaidu ne. Ga baƙar fata abin ya ninka: wanda ya shiga soja da sunan ubangidansa ya canza bayan 'yanci sai ya tabbatar shi ne shi, ba shi da takardar haihuwa, matarsa kuma ba ta da takardar auren da aka ɗaura a zamanin bauta.

Siyasa ce ta sassauta lamarin. Ƙungiyar tsofaffin sojojin tarayya, G.A.R., da aka kafa a Decatur ta Illinois a 1866, ta kai mambobi kusan 410,000 a 1890, kuma ƙuri'unsu ba abin wasa ba ne. Dokar 1879 ta ce wanda ya shigar da takarda kafin Yulin 1880 a biya shi tun daga ranar sallama, kuɗi a dunƙule da kan kai kusan dala dubu, fiye da abin da lebura ke samu a shekara biyu. Lauyoyin fansho irin su George Lemon, mai jaridar National Tribune, suka yi ta farautar masu nema. Shugaba Cleveland ya ƙi sa hannu a wata dokar faɗaɗawa a 1887, ya sha kaye a zaɓen 1888. Dokar 27 ga Yunin 1890 ta cire sharaɗin da ya fi wahala: duk wanda ya yi kwana 90, aka sallame shi da mutunci, kuma ba ya iya aikin ƙarfi, zai sami dala 6 zuwa 12 ko daga ina ciwon ya fito. Masu karɓa suka tashi daga kimanin 538,000 zuwa 966,000 a 1893, fansho ya lashe kusan kashi 40 cikin ɗari na kasafin tarayya. An yi ƙorafin cuwa-cuwa, kuma akwai ta, amma ga mahayin da ba shi da rubutu a asibiti wannan doka ce ta fara yi masa adalci. A 1907 tsufa kansa ya zama hujja: dala 12 a shekara 62, 15 a 70, 20 a 75.

Tsohon mahayin Kudu ba shi da rabo a wannan duka, har ma harajinsa yana cikin abin da ake biyan waɗanda suka ci shi da yaƙi. Jihohin Kudu sun fara da ƙafafun katako, daga baya suka ba da ɗan fansho ga matalauta da nakasassu, wanda bai kama ƙafar na tarayya ba. Manyansu sun bi hanyoyi mabambanta: Wade Hampton da Fitzhugh Lee sun zama gwamnoni, Nathan Bedford Forrest ya zama shugaban farko na ƙungiyar ta'addanci ta Ku Klux Klan, Joseph Wheeler kuwa ya sake sa kakin tarayya a 1898 ya jagoranci mahayan Amurka a Kyuba. Abin da ƙaramin soja ya iya nema a Washinton kuɗin doki ne: dokar 1902 ta yarda a biya waɗanda sojojin tarayya suka ƙwace wa dawaki bayan miƙa wuya, saɓanin yarjejeniya, shekara 37 bayan abin ya faru.

Wasu sun ci moriyar sauya sheƙa. Mose Triplett na North Carolina ya fara da sojan Kudu, ya gudu, ya shiga rundunar tarayya ta 3 ta jiharsa, ta dakaru masu tafiya a kan doki. Ya yi aure da tsufa, aka haifa masa 'ya, Irene, a 1930. Saboda nakasar da take da ita, ita ce ta ci gaba da karɓar fanshonsa, dala 73 da santi 13 a wata, har ta rasu a 2020, kuma ita ce ta ƙarshe a rajistar fanshon wannan yaƙi.